Haɗin sinadari, kiwon bakteriya, enzayim ko tatsa: wace hanya ce ta dace da kai a harkar amino asid da maganin bairos?

Mutum biyu musamman nake wa wannan rubutu. Na farko ƙanenmu da ya gama kemistiri ko harhaɗa magunguna a Jami'ar Sarki Abdul'aziz nan Jidda, ko ya taho da takardunsa daga Jami'ar Khartum ko ta Jazira, yana ta juya wane fanni zai zurfafa a kai. Na biyu Alhaji mai ɗan abin hannu da ya ji ana ta maganar Ru'uya 2030, shirin ci gaban Saudiyya, da sarrafa magani a cikin gida, wani ya kawo masa takardar shawara wai a haɗa jari a kafa masana'antar amino asid, wato ƙananan sinadaran da jiki ke gina nama da su, wani kuma ya ce a'a maganin bairos ne ke kawo kuɗi tun bayan korona.

Abin da da yawa ba su lura ba shi ne harkokin nan biyu uwarsu ɗaya. Maganin ciwon hanta nau'in C da ake kira Sovaldi, a jikinsa akwai amino asid ɗin alanin. Valtrex ba komai ba ne illa tsohon maganin nan asikilobir da aka liƙa wa amino asid ɗin falin don hanji ya fi tsotse shi, kuma hakan ya ninka abin da ke shiga jini sau uku zuwa biyar. Paxlovid na korona yana ɗauke da wani amino asid da ba ya cikin ashirin ɗin da jiki ke gina nama da su, ana ce masa tat-lusin. Toh ka ga duk wanda ya iya yin amino asid mai tsafta ya riga ya sa ƙafa ɗaya a harkar maganin bairos. Rigimar ita ce ta wace hanya za a yi shi.

Ma'aunin da zan bi

Kuɗi kashi biyu ne, na kafa wurin da kuma na fitar da kowane kilo, kuma sau da yawa hanyar da ta fi arha a kilo ita ce ta fi cin jari tun farko. Sai ɗorewa, nan ina nufin ko wurin zai yi shekaru yana aiki ba tsayawa, da ko kayan da ya fitar zai jure laimar Jidda da zafin kwantena a tashar ruwa. Sai sauƙi, ma'aikata nawa, wane irin ilimi, takardun izini nawa. Sai haɗari, na rai da na kasuwa da na hukuma. A nan Saudiyya dole a ƙara na biyar, halal ne ko akwai shubuha, domin Hukumar Abinci da Magani tana da cibiyar halal a ƙarƙashinta kuma ba ta wasa da asalin kaya.

Akwai kuma abu ɗaya da in ba ka gane shi ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Kusan kowane amino asid yana zuwa iri biyu, na hagu da na dama, kamar takalmi ƙafa biyu, kayan da aka yi su ɗaya ne amma ba za ka sa na hagu a ƙafar dama ba. Su ne ake rubuta wa L da D a jikin buhu. Jikin mutum da na dabba da L yake gini. Tukunyar sinadari ita ba ruwanta, rabi L rabi D take zubo maka, bakteriya kuwa da enzayim, wato sinadarin da ƙwayar halitta ke yi don ya gudanar mata da wani aiki, L kaɗai suke yi. Don haka tambayar farko kafin a yi maganar riyal ita ce, mai sayen kayanka zai karɓi gauraye ko sai L tsantsa?

Hanya ta ɗaya: haɗin sinadari zalla

Ita ce tsohuwa, tun 1850 Bajamushe Adolph Strecker ya haɗa alanin daga asitaldihaid da amoniya da sayanaid, kuma har gobe dangin wannan dabara ake bi. Inda ta yi sarauta shi ne metiyonin na abincin kaji. Ana fara wa da furofilin na matatar mai a mayar da shi akrolin, a haɗa da wani sinadari mai farar wuta mai mugun wari, sannan sayanaid da amoniya, a ƙarshe farin gari ya fito, DL-metiyonin kashi 99. Dalilin da ya sa gauraye ke sayuwa a nan shi ne kaza tana da enzayim a hanta da ƙoda da ke juya D ya koma L, wato ita ke ƙarasa aikin da masana'anta ta bari. Ba ta iya yin haka da laisin ko tiriyonin, shi ya sa ba za ka ga DL-laisin a kasuwar abincin kaji ba. Gilaisin ma ta nan ake yinsa domin shi ba shi da hagu ba shi da dama.

Kuɗin kilo ƙasa yake, metiyonin ya kan yi yawo wajen dala biyu zuwa uku, wani lokaci ya yi tsalle sama in wata babbar masana'anta ta tsaya. Amma kuɗin kafawa fa, masana'antar da Evonik ya buɗe a tsibirin Jurong na Singafo a 2014 mai fitar da tan dubu 150 a shekara ta ci sama da yuro miliyan 500, kuma a 2019 suka ƙara ta biyu a gefenta da kwatankwacin wannan kuɗi. 'Yan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da kasuwar, Evonik da Adisseo da Novus da Sumitomo da NHU na Sin. In an kafa ta kuwa tana shekaru gommai tana aiki dare da rana, garin kuma ba ya saurin lalacewa in buhun bai jiƙe ba.

Ta fuskar kayan aiki Saudiyya kamar don wannan hanya aka yi ta, furofilin da amoniya da metanol da farar wuta duk ga su a Jubail da Yanbu. Sai dai wannan wasan su SABIC da Aramco ne ba na Alhaji da abokansa huɗu ba. Sayanaid ba a cika yawo da shi a tanka ba, a wurin ake yinsa daga iskar gas da amoniya a yi amfani da shi nan take, kuma yana cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar hana makamai masu guba ke sa wa ido, tare da wasu da ake buƙata wajen haɗa magungunan bairos irin su Sovaldi. 'Yan uwanmu na Sudan ba sai an yi musu dogon bayani ba, sun san yadda Amurka ta harba makamai masu linzami kan masana'antar magani ta Al-Shifa a Bahri ranar 20 ga Agusta 1998 bisa zargin sinadarin makami, zargin da har yau ake jayayya a kansa. Duk mai shiga wannan layi takardunsa su zama a fili tun ranar farko.

A ɓangaren maganin bairos haɗin sinadari ba makawa ne, sai dai salon daban, ba tan dubbai ba ne, tukwane ne matsakaita da matakai goma ko fiye, kowane mataki kana asarar wani kaso. Remdesibir na korona yana da matakin da ake sa sayanaid a sanyin da ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, kamfanin Gilead mai yinsa ya ce da farko wata tara zuwa sha biyu ake ɗauka kafin a fitar da shi. Tamiflu na mura kuma hanyar kamfanin Roche tana bi ta azaid, sinadarin da ke iya fashewa, shi ya sa wannan mataki ake kai wa kamfanoni na musamman. Kuma ɗan canji a hanya yana iya jawo bala'i ba a sani ba, a 2018 aka janye maganin hawan jini na balsatan a ƙasashe da yawa don wani canjin da masana'anta a Zhejiang ta yi a matakin azaid ya haifar da gurɓataccen sinadari mai iya jawo ciwon daji, shekaru ana sha kafin a gano.

Hanya ta biyu: kiwon bakteriya a tanki

Ajino da matanmu ke sawa a miya ta nan yake fitowa. Kikunae Ikeda ne ya gano gulutamet a ciyawar teku a 1908, Ajinomoto ya fara sayarwa a 1909 yana tatsowa daga alkama, sai a 1956 Shukuo Kinoshita na kamfanin Kyowa Hakko ya samo wata bakteriya a ƙasa, Corynebacterium glutamicum, da ke cin sukari tana fitar da gulutamet. Yau sama da tan miliyan uku na ajino da sama da tan miliyan biyu na laisin ake yi a shekara, kusan duka ta tanki. Tiriyonin da tiriftofan da falin ma haka. Har metiyonin an fara ƙwacewa daga hannun 'yan sinadari, CJ na Koriya da Arkema na Faransa sun buɗe masana'antar L-metiyonin a Kerteh ta Malesiya a 2015, rabin aikin bakteriya rabi sinadari.

Kyawunta L tsantsa take ba ka, babu sayanaid babu fashewa, zafin aikin bai wuce digiri 30 da ɗoriya ba. Amma nan ne matsalar Jidda take, bakteriyar tana fitar da zafi mai yawa in tana ci, tankunan kuma manya ne masu ɗaukar lita dubu ɗaruruwa, sai ka sanyaya su a garin da iskar waje ta fi cikin tankin zafi rabin shekara, ruwan kuma na teku ne da aka tace da tsada, sukarin ko masarar kuma a jirgi suka zo. Mafi yawan kuɗin kilo na laisin kuɗin sukari ne, shi ya sa Meihua da Fufeng da Eppen suka kafa nasu a arewacin Sin kusa da gonakin masara da ma'adinan kwal, CJ kuma ya je Indonesiya da Barazil. Laisin bai cika wuce dala biyu a kilo ba, in ka sayo masara daga waje ka sanyaya tanki da lantarki ta ina za ka kamo su? Masu cewa a yi da rubabben dabino, a ɗakin gwaji ana yi kam, amma tara shi duk shekara da farashi tsayayye wani aiki ne.

Sudan ce ƙasar wannan hanya in da zaman lafiya. Kenana da Asalaya da Junaid da Sinnar da Halfa Jadida duk masana'antun sukari ne da kafin yaƙi suke fitar da molas, baƙin ruwan da ke saura bayan an cire sukari daga rake, Kenana ma a 2009 ya fara mayar da nasa itanol. Ga dawar Gadarif, ga ruwan Nilu. Molas ɗin rake yana da bitamin ɗin bayotin da yawa, wannan yana hana bakteriya sakin gulutamet sai an yi mata dabara da fenisilin ko wani sinadari mai kama da sabulu, amma laisin shi bayotin yake so, don haka mai tunanin Sudan laisin ya kamata ya fara lissafawa ba ajino ba. Sai dai tun Afirilun 2023 yaƙi ya tsayar da masana'antu da dama, kuma tankin bakteriya ba ya yafe ɗaukewar wuta, in iska ta daina shiga na ɗan lokaci kaɗan duk abin da ke ciki ya tashi aiki.

Haɗarinta a ɓoye yake. Baƙuwar ƙwaya ko bairos mai cin bakteriya ya shiga tanki sai a zubar a wanke layi gaba ɗaya. Tsaftacewa bayan tanki ma ba abin rainawa ba ce, a 1989 sama da mutum 1,500 a Amurka suka kamu da wata cutar jini da tsoka, fiye da 30 suka mutu, aka bi sawu har zuwa tiriftofan na kamfanin Showa Denko na Japan wanda ya canza irin bakteriyarsa ya kuma rage gawayin tacewa. Kasuwar kanta tana da tarihi, a 1996 aka ci ADM na Amurka tarar dala miliyan 100 kan haɗa baki da ya yi wajen tsayar da farashin laisin da sitirik asid. Ɓangaren halal kuwa a tambayi abin da ake ciyar da bakteriyar tun daga kwalbar farko, domin wasu abincin ɗakin gwaji daga naman alade ake yinsu.

Hanya ta uku: enzayim

A nan ba ka kiwon ƙwayar tana ci tana haihuwa, ma'aikacinta ɗaya kawai kake cirowa ka sa shi aiki guda. Kamfanin Tanabe na Japan ne ya fara a 1969, ya ɗaure enzayim ɗin asilez a jikin wasu ƙwayoyi cikin dogon bututu, ana zuba gaurayen D da L ta sama, enzayim ya kwance L kaɗai, ragowar a gasa shi ya sake gaurayewa a mayar. In ba ka mayar da ragowar nan ba rabin kayanka ka zubar, wannan shi ne lissafin da ke kashe masu sabon shiga. Asfatik asid ana yinsa daga fumarik asid da amoniya da enzayim ɗaya, daga shi kuma wani enzayim ya cire guntu ya bar L-alanin, wanda Sovaldi da remdesibir da sabon tenofobir na ƙanjamau da ciwon hanta B duk suke nema. Tat-lusin na Paxlovid da atazanabir na ƙanjamau kuwa bakteriya ba ta san shi ba balle ta yi maka a tanki, kamfanin Degussa na Jamus ne ya fito da hanyar enzayim biyu masu taimakon juna a bayan wata matata mai hana su fita. Abakabir na ƙanjamau ma tushensa da enzayim ake raba hagu da dama.

Ni dai a ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mai matsakaicin jari a Saudiyya, kuma ita ce aka fi yi wa rowar magana. Tukwanen ƙanana ne, cikin ruwa ake aiki, zafi da matsi kaɗan, ba ka buƙatar gonar masara, kayan da kake fitarwa kuma ana sayensa da tsada sosai fiye da na abincin kaji domin kamfanin magani ne mai saye. Inda take ciwo shi ne enzayim ɗin kansa, ko ka saya daga masu shi irin su Codexis da Novonesis (tsohon Novozymes) da Amano da sharaɗinsu, ko ka yi naka wanda ke nufin ƙaramin tankin bakteriya da masanin da ya iya. Yana gajiya, ƙarfinsa na raguwa da makonni, yana son ɗakin sanyi tun daga tashar jirgi har sito. Sannan a duba asalinsa da kyau, asilez akwai na ƙodar alade akwai na naman gwari Aspergillus, akwai ma wani sanannen enzayim na hantar alade da littattafan kemistiri ke yawan ambata, na gwarin ko wanda aka sa bakteriya ta yi shi za ka nema ka kuma karɓi takardar shaida.

Hanya ta huɗu: tatsa daga gashi, fuka-fuki ko tsiro

Ita ce mafi sauƙin fahimta, a dafa gashi ko gashin tsuntsu cikin asid mai ƙarfi har ya narke a tsamo abin da ake so. Sistayin da masu burodi ke sawa don ƙullu ya yi laushi, mai lamba E920, an daɗe ana yinsa haka a Sin daga gashin agwagwa da gashin mutum, wani lokaci har da na alade. Tarayyar Turai ta hana na gashin mutum a abinci, Wacker na Jamus kuma yana yin nasa ta tanki, ya fi tsada amma ba shubuha. Kafa wurin ba ya cin kuɗi sosai, kuma wani zai ce ai ga gashin kaji tuli a mayankar Wataniya da Faƙih, gaskiya ne, sai dai asid ɗin yana cin ƙarfe, warin ba a magana, ruwan dattin da ke fita kuma tsaftace shi na iya cinye ribar.

Darasin wannan hanya a maganin bairos Tamiflu ne. Tushensa shikimik asid, daga yansun mai siffar tauraro ake tatsowa, irin wanda masu kayan ƙamshi ke sayarwa a Bab Makka, ana noma shi a kudancin Sin wajen Guangxi da Yunnan, kusan kilo 30 kafin a sami kilo ɗaya. Da murar tsuntsaye ta tashi a 2005 ƙasashe suka ruga sayen maganin sai yansun ya yi ƙaranci, itace ne ba ya girma don kana sauri, dole Roche ya ƙara dogara da bakteriyar E. coli da aka gyara bisa aikin John Frost na Jami'ar Jihar Michigan. Af, masu tura saƙo a WhatsApp wai shan shayin yansun daidai yake da shan Tamiflu, tsakanin shikimik asid da maganin akwai matakai wajen goma na sinadari, cikinka ba zai yi su ba.

Hanya ta biyar: sayo ka ƙarasa

Ba a cika lissafa ta ba amma ita mafi yawan kamfanonin yankin nan suke bi. SPIMACO na Ƙasim da kamfanin Tabuk da Jamjoom na nan Jidda, ƙarfinsu a buga ƙwaya da cika kwalba da rarrabawa yake, garin maganin galibi daga Indiya da Sin da Turai yake zuwa. Masar ta nuna abin da wannan ke iya yi, Sovaldi ya fito a Amurka a ƙarshen 2013 kan dala dubu 84 na mako goma sha biyu, Masar ta samu a dala 900 a 2014, da kamfanoninta irin su Pharco suka fara nasu sai ya faɗo ƙasa da dala 100. Akwai kuma matakin tsakiya, ka sayo L-alanin ko L-falin ka yi musu mataki ɗaya ko biyu ka sayar wa masu haɗa maganin, amma nan da kamfanonin Haidarabad ta Indiya kake gogayya kuma su ma'aikatansu sun fi naka arha.

Ɗorewa a nan maganar zafi ce. A 1998 ritonabir, maganin ƙanjamau na kamfanin Abbott, ya fara daskarewa da wata siffa ta daban wadda ba ta narkewa yadda ya kamata, dole aka janye kafso aka sake tsari, kuma Kaletra na farko, wanda shi ma akwai ritonabir a cikinsa, sai da firij har aka fito da ƙwaya mai jure zafi a 2005. Duk wanda zai kai kaya Fot Sudan ko Nijar ya yi gwajin ajiya na yanki mai zafi, kada ya dogara da na Turai. Haɗarin kuma na haƙƙin mallaka ne, lasisin da Gilead ya ba kamfanonin Indiya a 2014 da na Medicines Patent Pool, ƙungiyar da ke raba lasisin magani, jerin ƙasashe suke da shi, ƙasa mai arziki kamar Saudiyya sau da yawa ba ta ciki.

| Hanya | Jarin kafawa | Kuɗin kilo | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sinadari zalla | Mai yawa ƙwarai | Ƙasa in tan dubbai ne | Shekaru gommai | Wuya, izini da yawa | Guba, fashewa, sa idon hukuma |
| Kiwon bakteriya | Mai yawa | Yana bin farashin sukari | Sai da wuta da ruwa ba yankewa | Matsakaici zuwa wuya | Gurɓatar tanki, gasar Sin |
| Enzayim | Matsakaici | Sama, amma ana saye da tsada | Enzayim na gajiya | Yana son ƙwararre | Dogaro da mai enzayim, asalin alade |
| Tatsa | Kaɗan | Yana bin kaka | Asid na cin kayan aiki | Sauƙi | Shubuha, ruwan datti |
| Sayo ka ƙarasa | Matsakaici | Ribar siririya | Ya danganta da ajiya | Ta fi sauri | Haƙƙin mallaka, yankewar kaya |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ƙanena ɗalibi, in burinka aiki a Jubail ko Yanbu ne ka kama injiniyancin sinadari da tsaron masana'anta, can za a neme ka. In kuwa magani ne a ranka ka haɗa kemistirin haɗa sinadari da ilimin enzayim, ka kuma iya injin HPLC na tantance sinadari har ka raba D da L ido rufe, domin kowace hanya cikin biyar ɗin nan sai ta bi ta hannun mai wannan injin kafin kaya ya fita, kuma aikin ba ya buƙatar ka mallaki komai. Jami'ar KAUST da ke Suwal arewa da Jidda tana ɗaukar ɗalibai baƙi da tallafin karatu, ka gwada.

Alhaji mai jarin da bai kai na manyan kamfanoni ba, ka manta da metiyonin da laisin, ba don ba sa sayuwa ba sai don masu yinsu sun fi ƙarfin kowa a farashi. Ka duba buga ƙwaya da lasisi, ko ƙaramin wurin enzayim mai fitar da abu ɗaya tak da ka riga ka sami mai saye a rubuce. Asusun raya masana'antu na Saudiyya yana ba da rance har kashi 75 na aikin a wasu yankuna, hukumar biranen masana'antu MODON na ba da fili, amma mai iƙama ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, kada ya fake da sunan ɗan ƙasa, wannan da ake ce wa tasattur laifi ne mai ɗauri da tara kuma masana'antar magani ba shagon da za a ɓoye ba ce, masu duba ƙa'idojin sarrafa magani (GMP) za su shigo har ɗakin ajiyar takardu.

Mai zuciyar komawa Sinnar ko Mai Wurno in ƙura ta lafa, laisin daga molas shi ne abin rubutawa a ajiye, da sharaɗin wutarka ta kanka ce kuma masana'antar sukari na kusa da kai.

Mai haɗa abincin kaji da ke saye kawai, kai lissafinka a kan abin da ke cikin buhu ne. Laisin mai HCl kusan kashi 79 ne laisin na gaske, mai salfet da ake rubuta wa 70 kusan kashi 55 ne kuma yana saurin dunƙulewa a laimar bakin teku. Metiyonin na ruwa kashi 88 ne, yana da tsami mai cin ƙarfe, sai da famfo da tanki na musamman, don haka in injinka ƙarami ne garin DL ya fi maka. Raba farashin da kason kafin ka ce wannan ya fi arha. Mai gidan burodi kuma in ya ga E920 a jikin kayan gyaran ƙullu ya nemi dila ya kawo takardar da ta nuna na tanki ne.